Manhajar buga faifan biki: ta kuɗi da ta kyauta

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar Alƙur'ani ce a ƙauyukan da ke kewaye da Ringim. Samari dai a waya suke so a tura musu, amma iyaye har yanzu faifai suke nema, wanda za su ajiye a cikin kwalla, a fito da shi ranar Sallah a saka a na'urar DVD idan an tayar da inji. Saboda su nake ci gaba da buga faifai.

Shekaru na yi ina aiki da Windows DVD Maker, wadda ke zuwa a cikin Windows 7 ba tare da ka biya ko sisi ba. Da tsohuwar kwamfutata ta mutu na samo wata mai Windows 10, sai na tarar babu ita, don tun daga Windows 8 aka daina saka ta. Nan neman madadi ya fara.

Na fara da wata manhajar kuɗi da ba zan kama sunanta ba. Ta gwaji na sauke, na buga faifan saukar ɗan kawuna. Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mata suka cika, aka kunna. Sai ga wani rubutun Turanci ya kwanta a tsakiyar hoto, daidai kan fuskar yaron yana riƙe da allonsa. Kawu ya juyo ya ce, "Kai yaro, wannan rubutun a kan goshinsa na mene ne?" Na ce, "Ka yi haƙuri Kawu, gobe zan gyara." Ashe sai ka biya tambarin yake fita.

Farashin da dala yake, kuma katina bai wuce ba, sai da wani abokina a Kano ya biya na ba shi naira. Da na lissafa, ribar biki biyu ce ta tafi. Tambari ya fita, kuma gaskiya tana da sauri, da adon shafin farko masu kyau, furanni da zobba, irin waɗanda amare ke so. Amma sau biyu tana tsayawa cak bayan aiki ya kusa ƙarewa, ga man inji yana ƙonewa. Wani faifan kuma murya ta riga baki: mai wa'azi ya gama magana leɓensa na ta motsi. Bayan shekara ta fara damuna da saƙon in sake biya don sabon samfuri.

Yanzu DVDStyler nake amfani da ita, kyauta ce, sai ImgBurn, ita ma kyauta, wajen ƙona faifan. DVDStyler na tsara shafin farko da raba bidiyon kashi-kashi, kamu daban, ɗaurin aure daban, kai amarya daban, ta yadda tsohuwa za ta danna ta je inda take so. Ba na barin ta buga kai tsaye. Ina sa ta fitar da fayil ɗin ISO tukuna, wato cikakken kwafin faifan a fayil guda, in kalle shi a kwamfuta, sannan in ba ImgBurn. Amfanin haka, idan wuta ta ɗauke a tsakiya faifai ɗaya kawai na yi asara, ba sai na sake jiran sa'o'i ba. Kuma idan dangi goma suka ce kowa na son nasa, daga wannan fayil ɗin nake ta bugawa.

Wasu abubuwan da na daɗe ina ɗora wa manhaja laifi, daga baya na gane nawa ne. A jikin faifai za ka ga an rubuta 16x, wato iyakar saurin ƙona shi, ni kuwa ban wuce 4x ko 6x, domin tsofaffin na'urorin ƙauye da ƙura ta cika idonsu sun fi karanta wanda aka ƙona a hankali. Sannan PAL ake zaɓa, shi ne tsarin talabijin ɗinmu, NTSC na Amurka ne. Faifan kuma 4.7 GB yake ɗauka, wajen awa biyu kenan idan kana son hoto garau. In ka cusa masa bikin kwana uku fuskar amarya sai ta farfashe kamar tsohon bango. Akwai na 8.5 GB, amma ya fi tsada, kuma ba kowace na'ura ce ke jituwa da shi ba, don haka gara in raba biki faifai biyu.

Makon jiya na sake buga wa Kawu faifan saukar. Ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya aiko ƙaramin ɗansa da kwano guda na gyaɗa, da saƙon a buga wa 'yar'uwarsa ta Taura nata.