Ashe ta ƙeya ake ɗura ta

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Masu damuna da tambayar farashin waya da kuɗin hayar ɗaki su yi haƙuri, yau wata magana ce daban. Kunya na sha ranar Asabar ɗin da ta wuce, a gaban ɗan cikina, kuma har yanzu abin bai sake ni ba.

Akwai wani gidan tarihi a nan Leeds mai suna Royal Armouries, a bakin ruwa inda a da jirage ke sauke kaya. A 1996 aka buɗe shi, aka kwaso makamai masu yawa daga Hasumiyar Landan aka zuba a ciki. Shiga kyauta ne. Na ɗan tsaya a ƙofa hannuna a aljihu, ina jiran wanda zai ce a ba shi na goro, ban ga kowa ba. Abin da ya ci kuɗina shi ne motar zuwa, da wani shayi da na saya a hanya, ruwan zafi tsura da ganye ɗaya a kofin takarda, a kuɗin da zai isa mai shayin bakin layinmu ya haɗa wa majalisa guda kauri har da burodi.

Yaron ne ya matsa mu je, wai an ba su aikin makaranta. Ni kuwa da girman kai na fita. Kun san Kaka, Allah ya jiƙansa, yana cikin 'yan bindigar hakimi, tun zamanin da in an ce 'yan bindiga masu tashin toka ranar hawan sallah ake nufi, kafin waɗannan la'anannu su ƙwace sunan. Ni nake riƙe masa jakar albarushi ina yaro. Ƙari a kan haka na yi shekara goma sha ɗaya ina kanikanci kafin in fito. Sai na ce wa yaron ya ajiye littafinsa, ni zan yi masa bayanin komai.

Mun tarar da wani tebur inda wani dattijon Bature yake ba mutane tsofaffin bindigogi suna riƙewa. Ya miƙo mini wata doguwa mai nauyi, za ta yi kusan kilo huɗu. Na kafa gindinta a ƙasa yadda Kaka yake yi, na hango wani siririn ƙarfe kwance a ƙarƙashin bututun, na ce yauwa. Na buɗe murya ina ce wa yaro ta nan baki ake zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da wannan sandar. Har da maimaitawa da Turanci don matan nan biyu da ke bayanmu su amfana. Dattijon bai katse ni ba. Haka suke yi, sai sun bari ka gama haƙa ramin da kanka. Da na yi shiru sai ya ce, a hankali, wannan sandar ta goge cikin bututu ce, ranka ya daɗe. Ya karɓi bindigar, ya ja wani mariƙi da ke bayan kunama zuwa ƙasa. Ƙwas! Wani dunƙulen ƙarfe a saman ƙeyar bindigar ya sunkuyar da kai, sai ga rami ya bayyana. A bayan dunƙulen akwai kwarmi kamar na cokali. Ya ɗora harsashin wasa a kwarmin, ya tura da babban yatsa, ya mayar da mariƙin. Shi ke nan, wai ta ɗuru, ta kuma ɗanu, domin jan mariƙin ƙasa tun farko shi ya matse sifirin da ke ɓoye a ciki. Ya sake jan mariƙin da ɗan ƙarfi, harsashin ya yo tsalle baya ya faɗi a tebur. Yarona ya ɗago kai ya ce, Baba, ashe ba ka sani ba.

Na so ƙasa ta tsage. Amma hannun bakanike ba shi da zuciya. Na ce ya ba ni in gwada, kuma na buɗe na rufe ya fi sau goma, ina sauraren ƙarar. Babu lilo, babu gurnani, ƙarfe yana zama a mazauninsa kamar an zuba shi a wurin. Sunanta Martini-Henry, sojan Ingila suka karɓe ta a 1871. Dabarar dunƙulen mai sunkuyawa ta wani Ba'amurke ce, Peabody. Martini, mutumin Suwizalan, shi ya cire gudumar waje ya mayar da mabugin ciki, shi kuma Henry na Edinburgh ya tsara zanen da ke cikin bututu mai sa harsashi juyawa.

Na tambaye shi me ya sa Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna ɗuri ta baki kamar mu, alhali ga hanya mai sauƙi. Ya ce tunanin ai tsoho ne, domin a cikin kayan gidan akwai bindigar Sarki Henry na Takwas mai buɗewa ta baya, ta 1537. Buɗe ƙofa a ƙeyar bindiga ba wuya. Rufe ta ce wahalar. In albarushi ya kama, wutar duk inda ta ga kafa nan take bi, kuma kafar da ke baya fuskar mai harbi take kallo. Nan take na gane, don na sha ganin injin da gaskit ɗinsa ya ƙone, ƙarfi yana zurarewa ta gefe.

Daga nan muka bi akwatunan gilashi ni da yaron, ina karanta rubutun da ke jiki, wannan karon bakina a rufe. Wani hafsa mai suna Ferguson ya yi tasa a 1776, da wani katon noti a tsaye: ka juya kariyar kunama sau ɗaya notin ya sauka, ka sa dalma da albarushi, ka juya ya hau. Wajen guda ɗari aka yi wa soja. Dattin albarushi yana cushe zaren notin, katakon kuma yana tsagewa a daidai inda aka rarake shi. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Dreyse, Bajamushe, wadda sojan Prussia suka ɗauka a 1841. Sakatar ƙofa ce sak, ka ɗaga, ka ja baya, ka sa harsashi, ka tura, ka kwantar. Harsashin a takarda yake naɗe, kuma abin da ke tayar da wutar yana can gaba, a gindin dalmar. Saboda haka sai da aka yi wata doguwar allura da za ta huda takardar, ta ratsa albarushin gaba ɗaya, kafin ta kai gare shi. Ku duba fa, duk harbi ɗaya allurar nan tana tsakiyar wuta. Dole ta gaji ta karye, shi ya sa kowane soja yake yawo da ta canji. Hayaƙi kuma yana fesowa ta baya. Duk da wannan aibi, a 1866 a yaƙin Königgrätz sojan Prussia suna iya ɗuri a kwance, na Ostiriya masu ɗurin baki sai sun miƙe, kuma Ostiriya ce ta sha kashi. Faransawa a wannan shekarar suka fito da Chassepot, suka sa zoben roba a kan sakatar, irin wanda muke sa wa famfo in yana ɗiga. Ya toshe hayaƙin, amma zafi yana busar da robar.

Maganin da ya zauna daga ƙarshe a jikin harsashi aka same shi. Kwanson tagulla. In wuta ta tashi tagullar tana kumbura ta manne da bangon ramin ta toshe ko'ina, in ƙarfin ya wuce ta ɗan saki a zaro ta. Wato kowane harsashi da sabon gaskit ɗinsa yake zuwa, a yi amfani da shi sau ɗaya a yar. Na daɗe a tsaye ina jinjina wannan. Su ma ba a rana ɗaya suka dace ba: kwanson Martini na farko naɗaɗɗiyar tagulla ce marar kauri, a zafin Sudan a 1885 ta riƙa maƙalewa a ciki ana tsakiyar faɗa, sai daga baya aka koma kwanson da aka ja daga tagulla guda.

Wadda ta yi kama da halinmu ita ce Snider ta 1866. Suna da tulin tsofaffin bindigogin ɗurin baki, suka ƙi zubarwa, suka yanke ƙeyar kowace suka dasa mata ƙofa mai buɗewa gefe. In an harba sai ka ja ƙofar baya, ka kifar da bindigar kwanson ya faɗi. Da na gan ta sai na tuna 'yan Ƙofar Ruwa.

To amma kwanson tagulla ba ya aiki sai in kowane harsashi zai shiga kowace bindiga, ko a wace masana'anta aka yi ta. Dattijon ya ce a da duk makamin da gwamnati ta amince da shi, ana ware guda ɗaya a buga masa hatimin jan kaki a ajiye, shi ne ma'auni, duk wanda za a ƙera da shi za a gwada. Wannan tarin yana nan Leeds tun 2005. A Birmingham kuma akwai gidan gwajin bututu tun 1813, har gobe yana aiki, ba a sayar da bindiga sai an gwada ta an buga mata tambari.

Wannan hali na awo shi nake gani kullum a nan ban san daga ina ya taso ba. Watan jiya robar ƙofar injin wankinmu ta yage. Na duba lambar da ke jikin injin, na rubuta a waya, bayan kwana biyu aka jefo mini ita ta ƙofa. Ta zauna daram, ko wuƙa ban ɗauka ba. A gida fa? Ka ƙulle tsohon ƙarfen a leda ka shiga kasuwa, mai shago ya juya shi ya miƙo maka wani ya ce shi ne, ɗan gogawa kawai za ka yi. Ba na zagin kowa, ni ma na yi. Sau nawa na ci gefen ƙarfe da magagari, na naɗe da robar tayar keke, na ce wa mai mota zai kai ka gida, Alhaji? Ƙasar da mudun saye daban na sayarwa daban, wane hatimin jan kaki za a yi maganarsa?

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Da na'urar ɗumama ɗaki ta tsaya mana cikin hunturu, kwana tara muka yi muna jiran mai gyara, muna kwana da rigunan sanyi. Da ya zo, kuɗin taka ƙofa daban, tun bai taɓa komai ba. Ya leƙa, ya danna waya, ya ce an daina yin wannan ƙarfen, sai dai a sayi sabuwa. Ƙarfen da bai fi yatsana ba! Wallahi da a gida ne, kafin la'asar wani yaro ya fiƙe mini irinsa. Su in lamba ta ɓace hannunsu ya mutu.

Hannu kam muna da shi tun da. Maƙeran Samori, can yammacinmu, suna gyara bindigogin Faransa masu ɗurin ƙeya har suna ƙera irinsu da guduma da magagari. Sarkin Damagaram Tanimu an zuba masa igwa a cikin garinsa. Turawan ma sun san haka, sun kuma san abin da suke tsoro: a yarjejeniyar Brussels ta 1890 suka taƙaita sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, har da ƙasarmu, aka bar mana mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shekara goma sha uku bayan haka, sojan da ba su kai dubu ba, akasarinsu ma baƙar fata, suka tsaya a bakin ganuwar Kano da ɗurin ƙeya da igwa da bindiga mai ruwa. A makaranta an ce mana sun fi mu makami, aka wuce. Ba wanda ya taɓa nuna mini cewa kafin mai harba-ka-ruga ya gama danna tsummansa, na gabansa ya harba sau uku ko huɗu yana durƙushe.

Na taɓa shiga wani gidan tarihi a gida, ba zan faɗi suna ba. Bindigogi ne jingine a lungu, ƙura ta rufe su, ba wuta, takardar jiki ta koɗe. Na tambayi mai zagayawa da mu wace iri ce wannan, ya ce ta Turawa ce, ta daɗe sosai. Sannan ya bi ni har mota.

Kafin mu tafi na koma wurin dattijon na ba shi labarin Kaka. Sai ga shi ya gyara tsayuwa, idonsa ya kawo haske. Ta ƙanƙara ce ko mai hula? Bututun ƙirar gida ne ko na waje? Akwai tambari kusa da ƙeya, kamar sanduna biyu a gicciye da kambi a sama? In akwai, in ji shi, a Birmingham aka gwada ta, domin garin ya daɗe yana ƙera bindigogin da ake kaiwa Afirka ta Yamma. Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Bindigar da na yi shekaru ina bin ta da jaka, ƙamshin tokarta har yanzu in na rufe ido ina jin sa tare da algaita da ƙurar dawaki, ban taɓa juya ta na duba ba.

Yaya, kai nake roƙo. In tana nan a ɗakin shirgin da ke bayan zaure, ka ciro ta. Kada kowa ya gwada ɗura ta, ta tsufa. Ka goge wajen ƙeyar da tsumma da ɗan baƙin mai, kada a sa mata magagari ko yashi, ka ɗauko mini hoton duk wani zane da ka gani, da rana a tsakar gida yadda zai fito. Ka kuma ja wa yara kunne game da masu gwangwan. Dattijon ya ce yana nan ranar Asabar ta sama, kuma ɗanka na nan ya riga ya gaya wa 'yan ajinsu cewa za a turo hoton.