Madubin ƙara girma mai kamfas: gilashin ya yi, allurar ba ta yi ba

Na sayi wannan ɗan madubi ne a Jos domin in duba abin nan mai launin toka ko rawaya da ke manne a ɓawon itatuwa, wanda masana ke kira laikin, mu kuma yawanci muke haɗa shi da gansakuka mu kira su da suna ɗaya. Madubin yana ninkewa cikin murfin ƙarfe, yana ƙara girman abu sau 10, kuma an dasa ƙaramin kamfas a bayansa.

Gilashin ya biya kuɗinsa. Sai dai dole mutum ya kai shi dab da idonsa, ya matso har tazarar da ke tsakanin gilashin da ɓawon ta zama kamar santimita 2 da rabi, in ba haka ba dishi-dishi kawai zai gani. Da na saba, sai na ga ƙananan faifai masu kama da ƙoƙo a saman laikin ɗin, inda fumfunar ke ajiye irinta, domin wannan halitta haɗin gwiwa ce tsakanin fumfuna da ƙwayoyin gansakuka masu sarrafa hasken rana, kamar yadda masanin tsirrai Simon Schwendener ya bayyana tun 1867. Tsakiyar gilashin tas take, gefensa ne ke ɗan karkatar da hoto.

Kamfas ɗin ne ya ba ni kunya, alhali saboda shi na zaɓi wannan samfurin. Nufina in gwada maganar da Turawa ke yi cewa irin waɗannan tsirrai sun fi son gefen arewa na itace, gefen da rana ba ta dukansa, danshi ya daɗe. Hakan ya dace da Ingila, inda ranar tsaka kullum daga kudu take. Jos kuwa tana kusa da digiri 10 arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, saboda haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewacinmu ne, sauran watannin ta koma kudu. Ga iskar hunturu daga arewa maso gabas tana busar da gefe guda, ga hadarin damina da kan taso daga gabas yana jiƙa shi. A nan ke nan ana bukatar allura mai gaskiya, wannan kuwa makalewa take yi sai an ƙwanƙwasa ta, kuma da makulli ya kusance ta sai ta juya. A kan mangwaro ɗaya ta nuna mini arewa iri uku.

Daga baya na koma lura da inuwata da hantsi, na kuma ga cewa a itatuwan da na duba laikin ya fi yawa a bayan kututturen da ya karkata da kuma hanyar da ruwa ke gangarowa daga reshe. Bishiyar turare, mai zubar da ɓawonta, kusan fayau take ta kowane gefe.

Malamin kimiyya da ke son ɗalibansa su ga wannan da idonsu zai amfana da madubin, amma ya tanadi kamfas dabam, ko ya buɗe na cikin wayarsa.