Ƙwan fitilar da ya shimfiɗa mini faifai shida a shago

Haske kam suna da shi, kuma wata huɗu ke nan ko ɗaya bai mutu ba. Amma da za a mayar da ni ranar da na saye su a kasuwar Alaba ta Legas, wallahi sai na juya kwalin na karanta gefensa kafin in zaro kuɗi.

Shagon ɗinkina yana Agege. Ana gobe za a ɗauki azumi aka gama mini silin na POP mai rami shida, irin wanda ake cusa wa ƙananan ƙwayayen nan masu ƙafa biyu, GU10. Abu biyu kawai na tambayi yaron da ke sayarwa: wat nawa ne, kuma fari ne ko ja? Ya ce wat 7, fari tas. Ya jona ɗaya ya dalle mini fuska, sai da na kau da kai. Na ce a raina, abin da ya kashe mini ido da rana tsaka ai ba zai ba ni kunya da dare ba. Na kwashi shida.

Ashe a nan aka yi ni. Muna shan ruwa muka kunna, sai ga da'ira shida a ƙasa kamar an jera faifai, tsakaninsu dishi-dishi, bango kuwa kamar ba a kunna komai ba. Don haushi na ɗauko tef na auna wadda ta sauka kan teburin yanka: inci 25 da ɗoriya. Teburin da ake shimfiɗa yadi biyar! Hannunka na cikin haske, almakashi na cikin inuwa.

Na ce a lallaɓa zuwa bayan Sallah. A dare na huɗu yarona ya ɗauki baƙin zare ya yi aikin wuya a kan shadda shuɗiya mai duhu ta wani Alhaji mai harkar tumatir a Mile 12. Da safe ya kawo mini ita yana sunkuyar da kai: "Maigida, na rantse jiya iri ɗaya na gan su." Ban iya yi masa faɗa ba, don ni ma na duba a daren na ce ya yi. Duk wanda ya taɓa warware aiki a shadda ya san ramin allura ba ya ɓacewa. Daga aljihuna na sayi wata.

Mai gyaran wutarmu ne ya nuna mini wata 'yar lamba a gefen kwalin, 24 da ɗan zobe a samanta. Ya ce ita ce kusurwar da hasken ke buɗewa. Ƙwan da muka saba da shi mai kan kwalba yana watsa haske fiye da digiri 180, wannan kuwa tattara shi yake kamar tocila. Yawan hasken na iya zama ɗaya, inda ake zuba shi ne ya bambanta. Silin ɗina ƙafa takwas ne, tebur ƙafa uku, to ina 24 za ta kai? Ya sa na sayo huɗu masu digiri 60. Wat iri ɗaya, kala iri ɗaya, amma da'irar ta kusan inci 70, har suna haɗuwa da juna.

Abin dariya, biyu daga cikin na farkon yanzu ba zan ba da su ba. Mun bar su a bakin ƙofa, daidai inda nake rataye manyan riguna. Da dare aikin zaren sai walƙiya yake, masu wucewa a kan okada har waiwaye suke yi. Mutum biyu sun shigo saboda rigar da suka hango. A nan sun ci kuɗinsu.

Amma fa raina bai huce ba. Wat an rubuta shi ɓaro-ɓaro a gaban kwali, lambar da ta ci mini shadda kuwa sai na sa tabarau. Kuma na gaya wa yaron nan mai sayarwa shagon ɗinki zan sa wa. Da na koma da tsofaffin huɗun, ubangidansa ya ce tunda an yage kwali babu canji. Suna nan cikin ledar ƙyalle a ƙarƙashin keke, mai shagon agogo ko turare da yake so ya zo mu daidaita.