Shekara guda da Synology DS224+ a gidana

Akwatin ƙarami ne na ajiyar fayiloli, da kwamfutoci da wayoyin gida ke shiga ta hanyar sadarwa, mai ɗaukar faifai biyu, kamfanin Synology na Taiwan ya fitar da shi a 2023. Abin da ya sa na saye shi, hotunan gida da takardun aikina sun warwatse a kwamfutoci uku da wayoyi huɗu, har na daina gane wane kwafi ne na ƙarshe. Na sa masa faifai biyu masu terabait huɗu-huɗu, ɗaya na kwafar ɗaya, wato kusan huɗu ne kawai nake mora. Haɗa shi bai ci mini minti ashirin ba. Raba izini ne ya cinye mini mako guda.

Manhajarsa, DSM, ta burauza ake shigarta, kuma buɗe foldar tarayya abu ne mai sauƙi. Na buɗe huɗu: hotuna, makaranta, takardu, da ta aikina. Kowace folda tana da matakin izini uku: karatu kawai, karatu da rubutu, ko hana shiga. Da farko mutum-mutum na riƙa bi ina raba izini, kafin in ankara na rikice. Sai na koma rukuni: manya da yara. A nan na yi wa kaina tarko. Babbar 'yata tana taya ni aiki, na sa ta cikin manya, na manta tana nan cikin yara, waɗanda na hana shiga foldar takardu. Ta yi ta bugawa, folda ta ƙi buɗewa. "Baba, na'urarka ba ta san ni ba," in ji ta. Na'ura kuwa ta san ta sarai, ƙa'idarta take bi: hana shiga ya fi ƙarfin karatu da rubutu, shi kuma ya fi ƙarfin karatu kawai. In mutum yana rukuni biyu, ɗaya ya hana, to an hana. Tun daga ranar ba na taɓa zaɓin hana shiga sai dole. Wanda ba na so ya shiga, ba na ba shi komai, shi ke nan.

Wani abu da na ji daɗinsa, ana iya ɓoye wa mutum ƙananan foldojin da ba shi da izininsu. Abin da yaro bai gani ba, ba ya tambaya a kansa.

Batun kulle bayanai shi ya fi buƙatar a zauna a yi tunani. Foldar takardu kaɗai na kulle, da AES-256, tsarin da ke rikita bayanai yadda ba za su karantu ba sai da mabuɗi. Kwakwalwar na'urar, Celeron J4125, tana da sashen da ke wannan lissafi, don haka ban ga jinkirin da zai dame ni ba. Amma kullen yana da sharuɗɗa. Sunan fayil ba zai wuce haruffa 143 ba, ni kuwa mai dogon suna ne a takardu, sai da na datse wasu. Sannan duk lokacin da na'urar ta mutu ta tashi, foldar a kulle take har sai an ba ta mabuɗi. Akwai ma'ajiyar mabuɗai da za ta riƙa buɗewa da kanta, a cikin na'urar ko a filas. Ban bar shi a ciki ba. Meye amfanin kulle ƙofa a rataye mabuɗi a jikinta?

Mutane da yawa suna ɗaukar kullen a matsayin maganin komai. Aikinsa shi ne in an sace faifan, ko ya lalace an mayar da shi, kada a karanta abin da ke ciki. Muddin foldar a buɗe take, duk wanda ya samu kalmar sirrin mai izini zai shiga salin-alin. Shi ya sa na kunna tantancewa mai mataki biyu a asusuna, na kuma bar tsohon asusun admin a kashe. Mabuɗin kuwa in ya ɓace, bayanan sun tafi, babu mai dawo da su. Nawa yana filas biyu, kalmar sirrin kullen kuma a rubuce a takarda, matata ta san inda take.

DSM 7.2 ya zo da kulle faifai gaba ɗaya, wanda ba shi da matsalar tsawon suna. Sai dai tun wajen tsara faifan ake zaɓarsa, ni kuma na riga na zuba kaya kafin in lura. Sai ranar da zan sauya faifai.

Ga mai gida da mutum biyar ko shida, ina ba da shawararsa. Ma'adanar aiki (RAM) mai gigabait 2 da yake zuwa da ita ta isa raba folda, da na ɗora manhajar hotuna ne na ƙara masa 4. Kuma a zaɓi tsarin faifai na Btrfs tun farko: da kwafin yanayin folda da yake ɗauka kowane dare na dawo da aikin makarantar autana, bayan ya rubuta wani abu a kai.