Labulen tare gobara a dandamali: wanda na saya da waɗanda na wuce

Abu biyu ne dillalai ke kira "labulen da wuta ba ta ci", kuma a nan ake yankar mutane. Ɗaya labulen ado ne, wanda ake ja a fito da amarya ko 'yan wasa, an ɗinka shi da yadin da ba ya saurin kamawa. Ɗayan kuwa labulen tare gobara ne, katanga ce da ke saukowa daga sama ta toshe bakin dandamali, ta tsare wuta da hayaƙi har jama'a su fice. Ina kula da wani zauren taro a Gombe, kuma sai da aljihuna ya ji jiki kafin na san bambancinsu.

Dokar gini ta Amurka, wato IBC, ta ce idan tsayin dandamali daga daɓensa zuwa rufi ya haura ƙafa 50, wajen mita 15 ke nan, dole a raba shi da wurin zama da bango mai jure wuta awa 2, a kuma tanadar wa bakinsa abin toshewa, kamar labule bisa ƙa'idar NFPA 80 ta ƙungiyar kare gobara ta Amurka. Yawancin zaurukan bikinmu a Gombe da Bauchi ba su kai nan ba. Amma wanda ke da dandamali mai zurfi, cike da yadudduka da katako da fitilu, bai kamata ya jira doka ta tilasta masa ba. Najeriya na da kundin dokar gini na 2006, sai dai kafin ka kashe kwabo ka ɗauki zanen gininka ka je ofishin 'yan kwana-kwana na jiha a duba tare.

Labulen tare gobara iri-iri ne. Na ƙarfe shi ne na asali, tun 1794 aka saka irinsa a gidan wasan Drury Lane na Landan, amma nauyinsa da tsadarsa sun fi ƙarfin ginin bulo irin namu. Na feshin ruwa, wato bututun da ke zubo ruwa kamar labule a bakin dandamali, yana son tanki cike da famfo mai rai kowane lokaci, wanda ya san wahalar ruwan Gombe da rani ba sai an yi masa bayani ba. Na asbesto ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, ƙurarsa na jawo ciwon dajin huhu.

Nawa shi ne na zaren gilashi. Yadi ne mai kauri da aka saƙa da gilashi, ba ya ci da wuta, kuma bai kai ƙarfe nauyi ba, don haka injiniya da mai walda nagari za su iya haɗa masa mariƙi ba tare da an rushe rabin gini ba. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne nauyin kansa ke sauko da shi. Ba ruwansa da NEPA, ba ruwansa da janareta. Igiyar da ke riƙe da shi tana da ɗan maɗaurin ƙarfe da ke narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, sai labule ya sauko ko da kowa ya gudu. Akwai kuma wurin saki da hannu a gefen dandamali. Gefunansa biyu suna tafiya cikin kwararon ƙarfe don kada hayaƙi ya zagaya, domin a gobarar zaure hayaƙi kan riga harshen wuta kashe mutane. Aibinsa ɗaya a wurinmu ƙurar hunturu ce, tana cika kwararon har ya cije. Ni duk wata nake sa yara su share, mu sauke shi mu ɗaga. A gidajen wasa da dama a Ingila ma a gaban 'yan kallo ake sauke shi lokacin hutun rabin wasa.

Wannan saukar ita ce komai. Ranar 30 ga Disamba 1903 wuta ta tashi a gidan wasan Iroquois da ke Shikago, labulen ya maƙale bai kai ƙasa ba, mutum wajen 600 suka rasu. A wani gidan wasa a Biyana ta Ostiriya, a 1881, labulen ƙarfen yana nan amma ba wanda ya sauke shi, aka rasa fiye da mutum 380.

To ga inda ni aka cuce ni. Wani dillali ya kawo mini karan-miski ja, mai sheƙi, yana cewa, "Yallaɓai, wannan ko fetur ka zuba masa ba zai kama ba." Ya miƙo wata takarda da aka yi wa hoto har rubutun ya dushe. Na biya. Bayan wanki biyu, a wata dina da hunturu, masu ado suka jingina fitila mai zafi da gindin labulen. Kafin mai gabatarwa ya gama kiran dangin ango, wuta ta hau kusan tsayin mutum. Allah ya taƙaita, akwai tukunyar kashe gobara a kusa. Ashe auduga ce aka fesa wa magani, wanki ya tafi da shi. Lambar dillalin kuwa har yau a kashe take.

Saboda haka kada ka sayi yadi sai an yanko maka ƙyalle daga ainihin bandir ɗin da za a ɗinka, ba wanda ya zo da shi a jaka ba. Fita waje ka ƙyasta masa ashana. Zaren gilashi zai yi baƙi kawai. Roba za ta narke tana ɗiga, auduga ta ci da warin takarda. Idan labulen ado ne, wanke ƙyallen ka shanya ka sake gwadawa. A nan na fi yarda da irin su Trevira CS, waɗanda kariyar tana cikin zaren tun daga masana'anta.

Takarda ma ana wasa da ita. NFPA 701 da BS 5867 gwajin yadin ado ne, suna nuna yadi ba ya saurin yaɗa wuta. Duk wanda ya nuna maka su yana cewa labulen tare gobara yake sayar maka, ko bai sani ba, ko ya san kai ba ka sani ba. Duba sunan ɗakin gwajin da lambar rahoton, ka tabbata sunan yadin da ke takarda shi ne a jikin bandir. Sannan ka juya labulen ka dubi ɗinki. Akwai masu sayen yadin gilashi na gaske su kai wa tela ya ɗinke da zaren roba na kasuwa, zafi na zuwa ɗinkin ya saki, labule ya rabu falle-falle.

Kuɗi kuma kafin alƙalami kawai za ka bayar. Ragowar sai ranar da aka kafa shi, aka kashe wutar zauren da janareta, ka ja wurin saki da hannunka, ka ga ya sauko har ya taɓa daɓe sau uku a jere.