Doguwar safar hannu ta tankin kifi: abin da take tarewa da abin da ba ta iyawa

Safar da muke magana a kanta ita ce doguwar nan ta robar PVC da ake sayar wa masu kiwon kifin ado, wadda tsawonta ya kai kusan santimita 70, ta taso daga yatsu har kafaɗa. Ɓangaren tafin hannu yana da kauri da ɗan kaushi don kada abu ya suɓuce, hannun rigar kuma ya fi sirara, an haɗa su da ɗinki ko manni a wuyan hannu, sannan akwai roba mai matsewa a sama. Da cizo za mu fara auna ta.

Cizo na farko bai ma kai a kira shi cizo ba. Ƙananan kifaye irin gufi da moli da taiga bab, in ka tsoma hannu sai su yanyame shi suna ɗan mintsini. Abin da suke bi shi ne gashin hannu, da ɗigon tawadar Allah, da ƙananan kumfar iska da ke maƙalewa a jikin gashi, domin duk wannan kama da abinci yake yi musu. Ga kuma sabo: kifin da ya saba ganin hannu ya zo abinci ya biyo baya, ko share gilashi ka zo yi sai ya taso. Kifin zinariya ma haƙoransa a maƙogwaro suke, leɓe kawai yake sa maka. A irin wannan safar ta yi aiki cif, ba ka jin komai. Amma gaskiya in don wannan kaɗai ne, ba ka buƙatarta.

Cizo na biyu na tsaron gida ne. Dangin karfasa, musamman oska da filawahon da wanda ake kira red debil, suna ɗaukar tankin a matsayin mallakinsu, kuma in sun yi ƙwai abin ya ninka. Ba sa wasa, da gudu suke zuwa su kai sara. A ruwan gishiri, macen kifin kulawun, musamman mai launin ja-ja mai duhu, takan yi haka a kusa da wurin da ta zaɓa, tana iya fitar da jini a bayan hannu duk da ƙanƙantarta. Nan ne safar ta fi biyan kuɗinta. Haƙoran waɗannan kifaye ƙanana ne, karce suke yi ba yanka ba, kuma ba sa ratsa kaurin tafin safar. Za ka ji bugun, amma fata lafiya. Babban amfanin kuwa shi ne ka daina fizge hannu a firgice, wanda shi ke jawo a ture dutse ya faɗa kan gilashi, ko a wullo kifin da ya riƙe yatsa waje.

Sai na uku, inda safar ba ta da ta cewa. Talibambam haƙoransa a haɗe suke kamar bakin aku, da su yake fasa kwanson katantanwa, kuma nau'in da ake kira fahaka yana wuce santimita 40. Wanda ke fasa kwanso, roba mece ce a gare shi? Haka kifin tiriga mai ƙarfin muƙamuƙi, da kifin more mai kama da maciji wanda idonsa ba shi da kaifi, wari yake bi, in ya ji ƙarnin abinci a yatsa sai ya kama. Ƙaya ma tana huda ta: ƙayar kifin zaki mai dafi, da ƙayar kurungu da danginsa. Wanda ya sa safar ya saki jiki da waɗannan ya fi wanda ya shiga da hannu tsirara shiga haɗari, tunda shi mai hannu tsirara yana lura. Ga irin waɗannan, sai farantin roba mai ramuka a raba tankin biyu, kifin a gefe guda kana aiki a ɗaya gefen, abinci kuma a miƙa da dogon hantsaki na santimita 30 ko fiye. In ƙayar kifin zaki ta soki mutum, a tsoma wurin cikin ruwan zafi wanda fata ke iya jurewa, kada ya wuce digiri 45 a ma'aunin Celsius, na minti 30 zuwa 90, sannan a ga likita.

A ganinmu dalilin sayen safar na ainihi ba haƙori ba ne, ƙwayar cuta ce. Akwai wata mai suna Mycobacterium marinum, 'yar uwar ƙwayar tarin fuka, da ke zama a ruwan tanki, na daɗi da na gishiri. Ta ƙaramin rauni take shiga, ko karcen cizon da mutum bai ma kula ba. Bayan mako 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, sai ƙurji ja mai tauri ya fito a yatsa ko bayan hannu, ya ƙi warkewa, wani sa'in ya riƙa hawa hannu a jere. Ta fi son wurin da ba shi da ɗumi sosai, shi ya sa take tsayawa a yatsu. Maganinta watanni ake yi ana sha, kuma dole a faɗa wa likita cewa ana kiwon kifi, in ba haka ba zai iya ɗaukarsa ƙurji na kullum. Mai rauni a hannu ko mai raunin garkuwar jiki kada ya tsoma hannu ba safa. Su ma kifayen suna amfana, domin sabulu da man shafawa da turare da maganin sauro ba sa shiga ruwansu.

Aibunta ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, kauri ya kashe jin yatsu: goge gansakuka, ɗaga dutse, jan tiyo a cikin tsakuwa duk suna yiwuwa, amma dasa ƙaramin tsiro ko kwance ƙaramin murfin matatar ruwa sai ka cire ta. Girmanta yawanci guda ne, mai ƙaramin hannu zai ji yatsun suna lilo. Mahaɗin wuyan hannu shi ke fara yoyo, kuma safa mai yoyo ta fi rashinta muni, domin tana riƙe ruwan tanki a kan raunin da kake son karewa. Kafin kowane aiki a hura mata iska, a murɗe bakin, a tsoma a bokiti, in kumfa ta fito ta gama aiki. In zurfin tanki ya wuce santimita 60, da ka miƙa zuwa ƙasa ruwa zai zuba ta kafaɗa, sai a rage ruwan tukuna. Gumi kuma yana taruwa a ciki. In ba a juya cikinta waje an shanya a inuwa ba, cikin kwanaki za ta yi wari, rana kuwa tana busar da robar ta tsattsage.

Sabuwa a ɗauraye ta da ruwa zalla, ban da sabulu. Kada a maye gurbinta da safar wanke-wanke, wasunsu an shafa musu maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke iya cutar da kifi. Mai tanki biyu ya ware wa kowanne tasa, musamman tankin killace marasa lafiya. Ba ta kare mutum daga lantarki, don haka a cire hita, wato na'urar ɗumama ruwa, da famfo daga soket kafin a tsoma hannu, a bar hitar ta huce minti 15 kafin ruwa ya sauka ƙasa da ita.

Ga mai kiwon dangin karfasa ko tankin ruwan gishiri mai duwatsu, ta cancanci saye, a haɗa da siririyar safar robar naitiril marar hoda don ƙananan ayyuka, a ɗaure bakinta da roba a wuyan hannu. Mai talibambam ko tiriga ya fara sayen hantsaki da farantin rabawa.