Na kai tsohon zanen mahaifinmu gidan gwanjo aka kimanta shi, ga yadda muka yi da su

Tun da aka sayar da zanen nan nake son in rubuta wannan sharhin, don lokacin da nake neman bayani ban samu wanda ya yi min shi dalla-dalla ba, kowa labarin miliyoyi yake bayarwa. Zanen na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, zanen fentin mai ne a kan ƙyalle, jiragen ruwa uku masu filafilai a bakin tasha da gajimare ya haɗo a samansu. Tun muna yara yana rataye a falo, har mun daina ganinsa. Da ya rasu aka zo rabon kaya sai ya zama shi kaɗai ne babu wanda ya san darajarsa, mu huɗu ne, kuma ba wanda yake so ya ci haƙƙin ɗan'uwansa.

A ƙasa gefen dama akwai sa hannu. Na ɗauki hotonsa na zuƙo, na shiga intanet, sai ga sunan ya yi daidai da na wani mai zanen teku na Turai a ƙarni na 19, kuma kuɗin da na ga ana sayar da aikinsa ba kaɗan ba ne. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa labarin Tutu ne, zanen da ɗan Najeriya Ben Enwonwu ya yi a 1974 da ya ɓace shekaru da yawa sai aka gano shi a wani gida a arewacin Landan, gidan gwanjon Bonhams suka sayar da shi a 2018 fam miliyan 1.2. Na kira yayata na ce Yaya ina ga fa Baba ya bar mana abin arziki a bango, ta ce ƙanena bi a hankali, kai wa waɗanda suka sani tukun.

Gidan gwanjon da na zaɓa ba cikin manyan nan ba ne irin Sotheby's da Christie's waɗanda tun 1744 da 1766 suke harkar, matsakaici ne, amma suna da sashen tsofaffin zane. A shafinsu akwai fom, ka sa hotuna da tsawo da faɗi da yadda abin ya zo hannunka, kuma kyauta ne. Na tura hoton gaba har kala shida. Sati uku shiru, sannan amsa ta zo layi biyu, wai in turo hoton bayan zanen. Gaskiya a lokacin na ji haushi, na ce mutanen nan ba su ma kalli abin da na tura ba. Na tura, kwana biyu suka ce in kawo shi su gani da ido.

Matar da ta karɓe ni dattijuwa ce, ba ta da yawan magana. Ta sa safar hannu, ta kalli gaban kamar minti ɗaya, sai ta kifa shi a kan tebur mai laushi ta zauna da bayan kusan rabin awa. Ni da na shekara talatin da wani abu ina wuce zanen nan ban taɓa tsayawa na kalli bayansa da kyau ba. Ta nuna min katakon da aka ɗaure ƙyallen a kai da 'yan ƙananan itatuwan da ake cusawa a kusurwa don ya miƙe, ta nuna min ƙusoshin gefe da suka yi tsatsa, da wata tsohuwar takarda da aka manna wadda rabinta ya yage sai ragowar adireshi, da wasu lambobi da aka rubuta da alli waɗanda ta ce alama ce ya taɓa shiga gwanjo a baya. Ta ce kuma ƙyalle biyu ne ba ɗaya ba, an taɓa manna sabo a bayan na asalin don a ƙarfafa shi, aikin da masu gyara suka yi ta yi a da da zafi da dannawa, shi ya sa tudun fentin da burushi ya bari ya ɗan kwanta. Ta ce min Malam, gaban zane mai zanen ne yake magana, bayansa kuwa duk hannun da ya bi ne.

Daga nan muka shiga wani ƙaramin ɗaki ta kashe wuta ta kunna fitila mai shuɗin haske. Wallahi abin da na gani ban manta ba. Duk fuskar zanen ta koma wani kore-kore mai hazo, ta ce tsohon man sheƙin da aka shafa a sama ne yake yin haka idan ya tsufa. Amma a cikin gajimaren akwai tabo-tabo baƙaƙe guda biyar ko shida, ɗaya ya kai tafin hannu, wannan fentin gyara ne da aka ƙara daga baya. Sai ta sauke fitilar kan sa hannun. Shi ma baƙi ƙirin, yana zaune a saman man sheƙin. Ta kunna wuta ta miƙo min madubin ƙara girma ta ce in duba da kaina. Tsohon fenti yana tsattsagewa siriri-siriri kamar busasshiyar laka, to inda sa hannun yake tsagar ba ta ratsa haruffan ba, fentin haruffan ne ya malala ya cike tsagar. Ke nan zanen ya riga ya tsufa ya tsage kafin wani ya zo ya rubuta sunan.

Jikina ya yi sanyi. Ba ta yi saurin rarrashina ba kuma ba ta ɓoye komai ba, ta ce zanen tsoho ne na gaske, na ƙarni na 19, hannun da ya yi shi ƙwararre ne musamman a ruwan da igiyoyin jiragen, amma ba za su sa sunan mutumin kai tsaye ba, za su rubuta cewa aikin wani ne na kusa da shi a zamaninsa. A nan ne na san kalmomin da ake sawa a katalog tsani ne mai hawa-hawa. Sama shi ne a rubuta sunan mai zanen shi kaɗai, wato sun tabbata. Ƙasa da shi a ce ana danganta shi da wane, sai a ce daga ɗakin aikinsa ya fito wato almajiransa, sai na kusa da shi, sai mai bin salonsa, can ƙasa kuma kwafin wani sanannen aikinsa. Kowane mataki ka sauko kuɗi na zubewa, kuma ba kaɗan ba. Babban misali shi ne zanen Salvator Mundi, a 1958 an sayar da shi fam 45 a Landan don ana ganin aikin mabiya ne, da aka ce na Leonardo da Vinci ne Christie's suka sayar da shi a 2017 dala miliyan 450, katako ɗaya zane ɗaya, kuma har yau masana ba su gama jayayya a kansa ba.

Na tambaye ta ko za a iya yin gwajin kimiyya a tabbatar. Amsarta ta burge ni don da tana son cin kuɗina da ta ce e. Ta ce ana iya ɗaukar hoton eksire, ana iya ɗiban ɗan ƙwayar fenti a duba sinadarinsa, amma gwajin nan ya fi iya ƙaryatawa a kan tabbatarwa. Kowane launi yana da lokacin da ya shigo, shuɗin Farusiya a Balin aka samo shi farkon shekarun 1700, farin titaniyom kuwa sai wajen 1920 ya shiga kasuwa, kuma shi ne ya tona asirin Wolfgang Beltracchi, ɗan Jamus ɗin nan mai jabun zane, da aka samu farin a zanen da aka ce na 1914 ne, aka yanke masa ɗaurin shekara shida a 2011. To idan aka gwada namu iyakaci a ce fentin na zamanin ne, wanda dama ba ta musa ba, ba zai faɗi hannun wa ya riƙe burushin ba, kuma kuɗin gwajin zai cinye kaso mai tsoka na abin da za mu samu.

Akwai wani abu da har yanzu yake damuna. Kafin in ɗauki hotunan farko na ga zanen ya yi duhu, sai na jiƙa tsumma da ɗan sabulu na goge kusurwar hagu ta sama. Tana kallo ta gane, wurin ya yi fari-fari kamar hazo, danshi ne ya shiga man sheƙin. Dole aka rubuta shi a rahoton lafiyar zanen da ake ba masu saye. Don Allah duk mai tsohon zane kada ya goge, kada ya shafa mai, kada ya canza firam, ko yagaggiyar takardar baya kada ya ɓare. Masu saye da yawa sun fi son su same shi da dattinsa su kai wa mai gyaran da suka yarda da shi.

Wajen sa kuɗi ba da ka ta yi ba. Ta buɗe rumbun farashin gwanjo irin su Artnet, ta fito da zanuka kusan goma masu kama da namu a girma da zamani da irin abin da aka zana, waɗanda aka sayar a 'yan shekarun nan, har da waɗanda aka fitar ba su samu mai saye ba. Ta ja hankalina cewa kuɗin da nake gani a labarai yawanci an haɗa da la'adar da mai saye yake biyan gidan gwanjo a saman farashin guduma, wato tayin ƙarshe da aka sallama a kai, wadda a wurare da yawa ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, wannan ba ya zuwa aljihun mai kaya. Sai ta ba ni lamba biyu, ta ƙasa da ta sama, kuma ta saman ma ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kwana ina lissafawa ba. Na nemi a ɗaga, ta ce za ta iya, amma kimar da ta yi yawa tana korar masu tayi, kuma zanen da ya fito gwanjo bai sayu ba yana shiga rumbun nan kowa ya gani, a harkar cewa suke ya ƙone, sai ka jira shekaru ko ka karya farashi. Muka tsayar da mafi ƙarancin kuɗin da za a sallama, wanda sirri ne tsakanina da su kuma ba ya wuce lambar ƙasa.

Ban tsaya a maganarta kaɗai ba, don gidan gwanjo dillali ne, so yake kaya su fita. Na biya wani mai kimantawa mai zaman kansa, kuɗin aiki tsayayye ba kaso daga darajar zanen ba, kuma ina ba da shawarar a guji wanda zai ce kaso zai ɗauka ko wanda zai kimanta sannan ya ce shi zai saya. Abin da ya faɗa bai yi nisa da nata ba. Shi ne ma ya fahimtar da ni cewa kimar inshora daban take, ita kuɗin da za ka kashe ka sayi irinsa a shagon dillalai ne, shi ya sa take fin ta gwanjo, mutane da yawa suna riƙe takardar inshora suna zaton abin da za su samu ke nan.

Sun kuma duba zanen a rajistar kayan fasahar da aka sace, Art Loss Register, suka tambayi inda yake tsakanin 1933 da 1945 saboda kayan da aka ƙwace a Turai lokacin Nazi. Yayata ta tono rasit ɗin da Baba ya saya a cikin wata tsohuwar jaka, aka sa shi a tarihin mallakar zanen, matar ta ji daɗin takardar nan sosai.

Inda ban ji daɗinsu ba shi ne yarjejeniya. A baki la'adar mai kaya kawai aka faɗa min, da takarda ta zo sai ga kuɗin ɗaukar hoto na katalog, ga na inshora yayin da yake hannunsu, ga haraji a kan la'adar, ga kuɗin da za ka biya idan bai sayu ba, ga wani mai nauyi idan ka fasa ka janye kayanka, duk da ƙananan haruffa a shafi na uku. Ba ƙarya suka yi ba amma ya kamata a faɗa wa mutum tun a zaune. Da na yi magana suka cire kuɗin hoton suka rage na rashin sayuwa, ashe ana ciniki, wanda bai tambaya ba haka zai biya. Sashen kuɗinsu kuma ba sa amsa saƙo da wuri, an ce kwana 35 bayan gwanjo za a biya, sai da muka yi sati bakwai don mai sayen ya yi jinkiri, kuma a takardar an rubuta ba sa biya sai an biya su.

Daga kai zanen zuwa ranar gwanjo wata huɗu ne. Mun kalla kai tsaye ta waya mu huɗu, muka jira kaya sama da ɗari suka wuce, namu ya zo, mutum biyu a zaure da ɗaya ta tarho suka yi ta tayi, bai cika minti ɗaya ba guduma ta sauka, ɗan sama da tsakiyar lambobi biyun da ta ba mu. Autarmu ta yi kuka, ba don kuɗin ba.

A wajen ƙwarewa da faɗin gaskiya ba ni da abin cewa sai godiya, a wajen takardu da amsa saƙo suna da gyara. Akwai wani ƙaramin zanen ruwa da ya rage a ɗakin Baba, shi ma wurin matar nan zan kai, wannan karon ban taɓa shi da komai ba, kuma na riga na ɗauki hoton bayansa.